Sojojin Ingila da Ɗakin Yarinyar Nan

A shekarun da muka zauna a bayan titin Wendover, ba na tambayar kowa yawan shinkafar da zan auna. Takalman bakin ƙofa nake dubawa. In na dawo daga aiki na tarar silifas da kambas sun taru har ƙofa ba ta buɗuwa sosai, na san babbar tukunya ce za ta hau wuta. Gidan haya ne a bene, ɗaki biyu da falo, tagar kicin tana kallon bayan wani katafaren kanti inda manyan motoci ke sauke kaya duk yini. Ni a lokacin ina aikin shara da guga a manyan gidajen Irving Park, maigidana kuma yana tuƙa tasi.

Shi mutumin Damagaram ne, ni 'yar Kano. Tun kafin in zo Greensboro an san Alhaji da abu ɗaya: duk ɗan Nijar da ya sauka garin ba shi da kowa, gidansa ake kai shi. Wani ya yi mako biyu ya samu aiki ya tashi, wani ya ga sanyi ya ga zafi yana nan. Kada a ji kamar ƙorafi nake yi. Wallahi na so rayuwar nan. Kowa ya zo da ƙamshin gida a jakarsa, wannan kilishi, wancan yaji da busasshen zogale, wani kaset ɗin da tsohuwarsa ta yi masa nasiha a ciki, mu zauna mu saurara tare har da ni da ban san ta ba. Hajiya suke ce min tun ban je Makka ba. Ni na koya musu kada su taɓa jan abin nan na bango mai ƙarar gobara, ni na koya musu cewa in Bature ya yi maka murmushi a hanya ba wai ya san ka ba ne. Ranar Lahadi bayan la'asar maza su cika falo, a ɗora shayi, ƙamshin na'ana'a ya bi bene har ƙasa.

'Ya ɗaya Allah ya ba mu, kuma tunda ita ce ta fari ba na kama sunanta. Haka na tashi na gani a gidanmu. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta shigar mata faɗa. "Ke" nake ce mata, in zan ba da labarinta in ce yarinyar nan. Ranar da muka tare a gidan tana 'yar firamare, ubanta ya buɗe ɗaki na biyu ya ce nata ne. Ta yi tsalle, ta zaɓi labule mai taurari. Ba ta gama sabawa da gadon ba aka kawo baƙo, aka shimfiɗa mata katifa a ƙasa a ɗakinmu aka ce na ɗan lokaci ne. Ɗan lokacin nan ya kai ta shekara goma sha uku. A kan teburin guga take aikin makaranta. Sai ta sa hijabi kafin ta fita zuwa banɗaki a gidan ubanta. Ba ta taɓa kawo min ƙara ba, ni ma ban taɓa tambayarta ba.

A bazarar da nake ba da labari, baƙon da ya rage ya samu aiki a wani sito, ya ce zai tashi kafin a koma makaranta. Alhaji ya dubi yarinyar ya ce, da ɗan Faransancinsa na mutanen Nijar, "Bon, wannan karon ɗakin naki ne, babu mai shiga." Ta kalle shi, ta kalle ni. Washegari na gan ta tana auna taga da igiya.

A bazarar nan ce kuma nake shirin jarrabawar zama 'yar ƙasa, wato Ba'amurkiya. Wadda take koya min wata baiwar Allah ce da kowa ke kira Anti, Kirista ce daga wajen Jos, Hausarta ta fi tawa gishiri. A kantin kayan Afirka muka haɗu muna jayayya a kan daddawa, muka fito muna ƙawaye. Gidanta a McLeansville yake, can bayan gari, da fili a baya inda take shuka yakuwa da kuɓewa. Ita ta riga ta ci jarrabawar, don haka duk Asabar in tuƙa in je, muna tsinkar yakuwa tana jefo min tambayoyi.

Wata Asabar ta ce, "Me ya sa mutanen ƙasar nan suka yaƙi Turawan Ingila?"

Na ce, "Yo su ɗin ba Turawa ba ne?"

"Su ne mana. Jini ɗaya ne." Ta miƙe ta dafa ƙugu. Ta ce kakanninsu ne suka tsallako teku suka sari daji suka zauna, aka haifi 'ya'ya da jikoki a nan, wasu ba su taɓa ganin Ingila ba, amma sarkinsu yana can, majalisar da ke yi musu doka ma tana can. Da Ingila ta gama wani dogon yaƙi da Faransa aljihu ya yi sanyi, sai aka waiwayo kansu. Haraji a kan takarda, haraji a kan sukari, haraji har a kan ganyen shayi. Kuma a majalisar da ake yankewa babu mutum ɗaya nasu da zai tashi ya ce a dakata.

"Amsa uku ce," in ji Anti, "ki riƙe wadda ta yi miki. Haraji ba tare da wakili ba. Rashin mulkin kai. Sai kuma sojojin Ingila da ake saukewa a gidajensu."

Ta farko ba ta ba ni wahala ba. Kakata ta sha ba mu labarin yadda maza ke shigewa cikin dawa in an ce masu karɓar haraji sun iso. Ta biyu ma na gane, ai mu ma a hannun waɗannan mutanen dai muka karɓi ƙasarmu. Ta ukun ce ta sa na ajiye kwando ina dariya har da hawaye.

"Anti, tsaya. Don an sauke musu baƙi suka ɗauki bindiga? Tabɗi! Ashe rowar tasu tsohuwa ce!"

Ina da hujjata. Kullum ina goge ƙura a ɗakunan Irving Park, gadaje manya an gyara su tsaf da matashin kai kamar na amarya, shekara ta zagayo ba wanda ya kwanta. Na ce wa Anti ni kam ba zan faɗi wannan amsar a gaban hukuma ba, kunya nake ji a madadinsu.

Anti ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Hajiya, baƙo sallama yake yi. Ya tsaya a ƙofa sai an ce masa shigo. Waɗannan doka ce aka aiko daga wata ƙasa, a ba su wurin kwana, a ba su itacen wuta da kyandir da gishiri. Wasu ma sun ce yawanci a masaukai da rumbuna aka zuba su, ba tsakiyar ɗakin mutum ba. To ko a ina ne, wa aka tambaya?" Ta tsinki ganye ta jefa a kwando, sannan ta ƙara da cewa kada in ɗauka waliyyai ne, domin masu ihun ba a tambaye su ba ɗin nan, su ma ba su tambayi bayinsu ba, ba su tambayi matansu ba. Sai ta juyo ta dube ni. "Ke fa, wa yake tambayarki?"

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Anti, karatu na zo yi, ban kawo miki ƙarar mijina ba." Na ɗauki yakuwata na shiga mota ko sallamar kirki ban yi mata ba. Duk tsawon hanya ina faɗa ni kaɗai. Ina ruwanta? Ita da take zaune daga ita sai miji sai kare a tsakiyar fili, me ta sani game da albarkar baƙo?

Abin dariya, a ranar ne na san cewa filin nan mai itatuwa da ke arewacin gari, inda muke kai sababbin zuwa shan iska, filin yaƙin nan ne. Mun sha shimfiɗa tabarma kusa da tsofaffin bindigogin igwa mu ci dambu, maza su yi sahu su yi la'asar a ƙarƙashin mutum-mutumin mai doki, ba wanda ya taɓa karanta allunan da aka kafa. Kafin mu ɓata ne Anti ta ce a nan aka gwabza, sojojin Ingila suka ci filin, amma mutanen da suka rasa sun yi yawa har suka tattara suka bar yankin. Ni dai abin da na sani game da wurin shi ne inuwarsa tana da daɗi.

Baƙonmu ya tashi kamar yadda ya faɗa. Muka wanke ɗakin ni da yarinyar, muka fitar da katifu, ta ce labule mai taurari na yara ne, ta sayo kore. Ranar Lahadi maza suka taru a falo kamar kullum. Cikinsu akwai Malam, dattijon da ke jan mu sallah, wanda ya riga kowa zuwa garin. Shi ya raɗa wa yarinyar suna. Mutum ne mai sanyin magana, in ya faɗi abu kuma ba a sakewa.

Na kawo sukari na tsaya a bakin ƙofa inda na saba miƙawa, sai na ji Malam yana cewa samari biyu za su sauka daga Maraɗi cikin mako. Wani ya ce, "Ai gidan Alhaji ɗaki ya samu." Na jira in ji Alhaji. Ya ce, "Bon, ba matsala."

Shi ke nan. Aka wuce zancen farashin mai.

Bangon gidajen nan ba ya riƙe sirri. Na leƙa ɗakin, na ga yarinyar a tsaye kan kujera. Ta riga ta rataya rabin labulen, yanzu tana cire shi ƙugiya bayan ƙugiya, a hankali, tana ninkewa a hannunta. Na ce, "Ke, me kike yi?" Ta amsa min da Turanci, kamar yadda ta saba, cewa ba komai, ta riga ta saba. Da kuka ta yi da na ce mata ta yi haƙuri, da na iya. Wannan "ba komai" ɗin ne na kasa ɗauka.

Na ce, "Mayar da shi." Na ja mayafina na nufi falo, kuma ban tsaya a bakin ƙofa ba. Saurayin da ke zuba shayi daga sama ya ga ƙafata a kan kafet, ya zubar da rabi a kan tire. Na durƙusa na gaida Malam.

Na ce, "Malam, a gafarce ni. Ban taɓa korar baƙo ba, duk wanda ke ɗakin nan shaida ne, rabinku kun ci tuwona kafin ku san hanyar masallaci. Amma ɗakin nan an yi alkawarinsa. Ni nake dafawa, ni nake wankewa, ita take kwana a ƙasa, kuma mu biyun nan ba a taɓa tambayarmu ba. Sai dai mu ga jaka a ƙofa. Ban ce kada a kawo ba. Na ce a tambaye ni. 'Yata ta girma, Malam."

Na ce 'yata. A gaban maza, a gaban wanda ya raɗa mata suna. Da uwata tana wurin da ta rufe fuska.

Alhaji ya ce, "Haba Hajiya. A gaban mutane?"

Na ce, "Ai a gaban mutane aka yanke, Alhaji."

Malam ya shanye abin da ke kofinsa. Sannan ya ajiye ya ce, "An ji." Ba a yi zagaye na gaba na shayin ba. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe, na ji ana laluben takalma, na ji ana sauka bene ba hira.

Samarin Maraɗi wani gida aka kai su. Shayin Lahadi ma ya koma can. Alhaji ya yi kwanaki yana cin abinci a tasi, in na gaishe shi ya amsa kamar ana karɓar kuɗi a kan kowace kalma. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nemi in ba shi ba, a hankali dai yunwar miyar kuka ta dawo da shi tebur. Yarinyar kuwa ta kwana a ɗakinta. Safiyar farko ta makara, ta fito falo kai ba ɗankwali, gashi a tsefe, tana miƙa tana hamma, ta buɗe firij ta tsaya tana kallo kamar mai gida. Na juya baya ina wanke kofin da na riga na wanke, don kada ta ga fuskata. Daɗi na ji wanda ban san yadda zan faɗe shi ba.

Amma gidan ya yi shiru, kuma ban saba ba. Hannuna ya ƙi koyon ƙaramar tukunya. In dafa, ya yi saura, in cika robobi in rasa wanda zan ba. Ranar Lahadi bayan la'asar in ji kunnena yana jiran hayaniyar da ba ta zuwa. A wajen taron suna mata suna gaishe ni lafiya lau, amma na san an ce 'yar Kanon nan ta zama Ba'amurkiya tun kafin a ba ta takarda. Na koma wurin Anti na gaya mata duk abin da ya faru, na ce ga abin da ta ja min. Ta ce ita tambayar jarrabawa kawai ta yi.

Da sanyi ya fara leƙowa, ganyen itatuwa ya fara ja, aka kira ni intabiyu. Matar da ta yi min tambayoyi ba ta da fara'a, tana magana tana kallon kwamfuta. Allah da ikonsa, tambayar nan ta fito. Na gyara zama na ce sojojin Ingila ne aka sauke musu a gidaje, ba a tambaye su ba, ba a tambayi masu dafawa ba, ba a tambayi masu kwana a ƙasa ba. Ta ɗago kai karo na farko ta ce rabin farko ya isa. Na ci.

Sanyi ya shigo sosai lokacin da Malam ya zo. Da rana ne, bayan azahar, Alhaji yana gida. Ya yi sallama ya ƙi shigowa, ya tsaya a bakin ƙofa cikin ƙatuwar rigar sanyi a kan jallabiya, numfashinsa yana fita kamar hayaƙi. Alhaji ya fito da sauri, Malam ya ce ba wurinsa ya zo ba.

"Hajiya, tambaya na zo yi."

Ya ce wata yarinya ce amarya za ta sauka, mijinta yana tuƙa babbar mota yana can wata jiha mai nisa, ba zai dawo ba sai bayan 'yan makonni. Ba ta jin Turanci, ba ta taɓa ganin sanyi ba. Ana neman gidan da akwai mace. "In da hali. In babu, ba laifi."

Dattijo kamar wannan, ya hau bene da ciwon gwiwa, ya tsaya a ƙofata yana tambayata. Zuciyata ta riga ta ce a kawo ta, har na fara tunanin bargon da zan fitar. Amma na tuna kore labule, na tuna yarinyar a kan kujera. Kuma gaskiya ina so in sani ko tambayar ta gaske ce, ko a'a tawa tana da wurin zama. Na ce, "Malam, a yi haƙuri. Babu hali."

Bai canza fuska ba. Ya ce, "To, madalla. Allah ya saka da alheri." Ya juya ya kama ƙarfen bene yana sauka a hankali. Ni kuwa na shige kicin na fashe da kuka, domin tun da uwata ta haife ni ban taɓa cewa babu wuri ba.

Sai na ji motsi a bayana. Yarinyar ce, da littafi a hannu, ashe duk ta ji. Ta buɗe baki, kuma da Hausa, Hausarta mai karyayyen harshe wadda ba ta fitowa sai da dalili.

"Mama, ai ɗakina ne. Ni ba a tambaye ni ba."

Kafin in share ido ta zari hijabi ta zura silifas ɗin ubanta ta bi bene da gudu. Ta tagar falo na hango ta ta cim ma Malam a wajen ajiye motoci, tana magana tana nuna sama, iska tana kaɗa hijabin. Daga baya na ji sharuɗɗanta: gadon kusa da taga nata ne, kuma ba a taɓa mata labule. Malam ya karɓa duka. Ya ɗago kai ya hango ni, ya ɗaga hannu. Alhaji yana bayana yana dariya ƙasa-ƙasa, na ce masa in ya kuskura ya ce wani abu yau ba miya.

Amaryar ta zo da akwati ɗaya da takalmi mai tsini wanda ba ya tafiya a kan ƙanƙara. Ta zauna da mu har mijinta ya dawo, kuma ita ce ta gyara wa yarinyar nan Hausa, suna hira a ɗaki ana kitso, abin da na kasa yi shekara da shekaru. Bayanta an kawo wasu. Kowane lokaci Malam ya hau bene, ni kuma in ce bari in tambayi mai ɗaki. Wani lokaci ta ce to, wani lokaci ta ce tana da jarrabawa, ya ce madalla ya sauka.

Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa. Masu zuwa yanzu tun suna gida sun gama shirya masauki a waya, ba sa bukatar gidan kowa. Mun bar Wendover da daɗewa, amma kore labulen yana nan, na rataya shi a ɗakin da yarinyar nan take kwana in ta zo hutu daga garin da take aiki. Kwanan baya aka ce wata ɗaliba tana neman wurin zama na wata ɗaya. Ɗakin babu kowa, gado a gyare. Na ɗauki waya na kira mai ɗakin, ta ɗauka tana cikin mota.

Na ce, "Ke, tambaya zan yi."